HANNUN YAYA ƊAYYABU

Shafi na 27

Masu cika mini waya da saƙo kuna cewa Darakta Mubarak mutumin kirki ne, Aina'u ce mai taurin kai, to ku gyara zama. Yau dai kowa ya ga fuskar gwaninsa.

*

Tun daga bakin get Aina'u ta tabbatar ƙarya aka yi mata.

Darakta ya ce mata a Bompai za a ɗauki fim ɗin littafinta, a wani sito da aka share. Sai da safen nan mai yi wa 'yan wasa kwalliya ta kira ta tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce su fa suna Sharada. Kuma ba ko'ina ba, tsohon kamfanin robar nan da aka rufe, inda ita da yayanta Ɗayyabu suka taɓa yin aiki. Inda inji ya cinye masa hannun dama.

Tun ranar da abin ya faru ƙafarta ba ta sake taka wurin ba.

Ta tura ƙofar ƙarfen ta shiga. Warin ƙonanniyar roba yana nan yadda ta bar shi. Rana ta dafa kwanon rufin, zafi kamar a bakin murhu. Can tsakiyar ɗakin injina an kafa fitilu, wayoyi sun bi ƙasa, mutane sun yi da'ira suna ta ƙyaƙyata dariya.

Littafin nata, Birnin Ƙishirwa, labarin Kano ne bayan shekaru ɗari. Kogin Challawa ya ƙafe, masu iko sun kulle ruwan gari a hasumiya guda, sai wani lebura mai suna Jatau, wanda inji ya cire wa hannu aka dasa masa na ƙarfe, ya hau ya ɓalle ƙofar ruwan. Duk wanda ya karanta ya san Jatau jarumi ne.

To me ake yi wa dariya?

Ta kutsa cikin mutanen.

Keji ne na rodi. A ciki wani mutum ya durƙusa, an shafe jikinsa da baƙin mai da toka, sarƙa a wuyansa. 'Yan wasa suna jifansa da ledar ruwa, shi kuma yana gurnani yana lasar ruwan da ya zube a siminti. Da ya ɗaga kafaɗa ta ga dungun a buɗe, an manna masa wayoyi ja da kore.

Dungun da ko a gida ba ya yarda a gani. Ko da zafin bazara da doguwar riga yake kwana.

"Yaya?"

Mutumin ya daina gurnani.

"Kat! Kat! Wace ce wannan ta shigo mini gaban kyamara?"

Darakta Mubarak ya taso daga kujerarsa, tawul a wuya, baƙin gilashi a goshi. Da ya gane ta sai ya buɗe hannuwa yana murmushi.

"A'a! Marubuciya da kanta. Ku ba ta kujera mana. Ku kawo mata ruwa mai sanyi, kun san littafinta duk ƙishirwa ne."

Aka yi dariya.

"Darakta, ka buɗe kejin nan."

"Ba a kulle yake ba."

"Na ce ka buɗe!"

"Malama Aina'u, sakata ce kawai, kuma ta ciki take. In yana son fitowa zai fito."

Ta juya ga kejin. Ɗayyabu yana zaune a kan dugadugansa, ya kafa ido a ƙasa. Bai motsa ba.

Ta juyo ga Darakta. "Wane ne wannan a littafina? Nuna mini shafin da aka sa mutum a keji."

"Jatau ne."

"Jatau jarumi ne!"

"A takarda. A fim dodo ne. Masu mulkin birni sun kama shi suna nuna wa jama'a, daga baya ya tsinke sarƙa ya shiga cin mutane. Kin ga ai an samu abin kallo."

"Ina hasumiyar ruwan? Ina jiragen da ke ɗebo ƙanƙara daga sama? Ina taron matan da suka tsaya a bakin kogi?"

Darakta ya goge wuyansa da tawul, ya dube ta kamar mai tausayin yarinya.

"Ke da biro kika gina hasumiya mai hawa ɗari. Layi biyu, an gama gini. Ni da me zan gina? Da katakon Rijiyar Lemo? Jirgin da kika ce yana tashi babu ƙara, in na sa yaran kwamfuta suka zana shi, gobe a waya za a mayar da ni abin tsokana. Na karanta littafinki daga bango zuwa bango, abu ɗaya na samu wanda kyamara za ta kalla ba ta ji kunya ba."

Ya nuna kejin da haɓa.

"Shi. Ba fenti, ba dabara. Na Allah."

Aina'u ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ta matsa kusa da shi har tana jin ƙamshin turarensa.

"Ka san dalilin da ya sa na ba ka littafin nan? Daraktoci nawa suka nema na hana?"

"Saboda na fi su."

"Saboda Takalmin Direba. Fim ɗinka na farko. Tsohon direban nan da ya makance, 'yarsa tana goge masa takalmi kullum kamar zai fita aiki. Akwai inda ka bar kyamara a kan hannunsa yana lalubar igiyar takalmi, ba kiɗa, ba magana. Ni da Innarmu muka kalla, sai da ta tashi ta shiga ɗaki. Na ce wanda ya ɗauki hannun makaho da wannan mutuncin, shi zai ɗauki hannun yayana."

Mai riƙe da sandar ɗaukar murya ya sauke ta a hankali.

"Da na tsaya na kalli sauran da idon basira, da ban yi wannan wautar ba. Bebiyar Dorayi, ka samo yarinya bebiya ta gaske, ka sa ta faɗa kwata sau uku, ka sa kiɗan ban dariya. Gajere Ango, ka ɗora bawan Allah a kan tebur ana juya shi kamar tulu. Na ce ƙila furodusoshi ne suka matsa maka. Ashe ba haka ba ne. A fim na farko ka durƙusa ka kalli mutum. Tun daga nan tsaye kake, kana leƙen mutane daga sama kana neman inda Allah ya rage su. Duk finafinanka fim ɗaya ne, Darakta. Nakasar kawai kake canzawa."

Wani daga baya ya ce, "Kai!"

Murmushin Darakta bai gushe ba, amma jijiyar goshinsa ta tashi.

"Kin gama?"

Bai jira amsa ba, ya ɗora.

"Takalmin Direba. Kin san mutum nawa suka shiga sinima ranar da aka fara haska shi? Da ni da mai sayar da gyaɗa muka kalli rabin ƙarshe. Ke da Innarki kun yi kuka a gida, na gode. Bebiyar Dorayi kuwa har Agadas ana kwaikwayon faɗuwarta. Mutumin da ya tashi daga aikin fata a Challawa, jikinsa na wari, ya kwanta da waya a hannu, kina tsammanin igiyar takalmi yake son gani? So yake ya ga wanda ya fi shi shiga uku, ya yi dariya, ya samu barci. Ni na san masu kallona. Ke ko naki gidan ba ki sani ba."

"Kar ka sa gidanmu a bakinka."

"Ni na sa? Ke kika buga shi a littafi, kika kai kasuwa."

Ya juya ya tafa hannu. "Malam Ɗayyabu, fito ka sha iska. Ƙanwarka tana ganin sato ka na yi."

Sakata ta yi ƙara. Ɗayyabu ya sunkuyo ya fito, sarƙar tana jan ƙasa. Aina'u ta cire mayafin da ta ɗora a kan hijabinta ta nufe shi za ta rufe masa kafaɗa.

Ya ja da baya.

"Bar shi. Za ki ɓata kwalliyar."

"Yaya, mu tafi gida. Don Allah. Ko me ya faɗa maka, yaudararka ya yi."

"Ni na neme shi."

"Me?"

"Ni na je ofishinsa da ƙafata. Na cire riga na nuna masa. Na ce in dai Jatau ake nema, ga shi."

"Yaya, dodo fa suka mayar da kai! Jifanka ake yi!"

"Shi ya tambaye ni kafin ya jefe ni." Ya ɗago ido ya dube ta a karon farko. "Ke kin tambaye ni?"

Ya ci gaba, idonsa a kanta.

"Shafi uku kika yi a kan dungun nan. Yadda fatar ta tattare. Yadda yake motsi shi kaɗai in ina barci. Yadda nake miƙa shi in ɗauki kofi, sai in tuna. Wa ya ba ki? Ina kwance ina fama, Inna na wanke ciwo, ke kina bakin ƙofa kina kallo. Na ɗauka tausayi ne. Ashe aiki kike."

"Don in girmama ka na yi..."

"Girma? Fita unguwarmu Panshekara ki tambayi sunana. Babu mai cewa Ɗayyabu. Hannun Ƙarfe. In an ɗauke ruwan famfo, matan layi su leƙo suna dariya, wai in je in ɓalle musu hasumiya. Bilkisu da na yi shekaru ina nema, ƙawayenta suka karanta mata shafukan nan uku a gidan biki. Da ta tashi mayar mini da kayana ko fuskata ba ta iya kallo ba. Ta ce duk ta rufe ido, abin take gani yana motsi."

Hawaye suka zubo wa Aina'u. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Yaushe za ki sani? Kina gidan rediyo, kina taron marubuta, ana tafa miki. Ke kika yi suna da hannuna, ni ko hannun riga ban samu ba. To yanzu ni zan nuna abina da kaina. In dariya ce a yi, ina wurin."

Darakta ya koma kujerarsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malam Ɗayyabu, gaya mata ɗayan mana."

Ɗayyabu ya kawar da kai.

"Wane ɗayan?" in ji Aina'u.

"Au, ba ki sani ba? Marubuciya guda, mai hangen shekara ɗari gaba, ba ta san abin da ya faru a bayanta ba?" Ya nuna wani ƙaton abu da aka lulluɓe da tamfol a gefen bango. "Ku yaye."

Mutum biyu suka ja tamfol ɗin. Ƙura ta tashi.

Injin markaɗa roba ne, mai faɗin baki, fentinsa kore ya ɓanɓare. A gefensa akwai ɗan kwalin madubi da aka ɗaure da waya.

Ta gane shi. Ita ta ɗaure madubin nan da hannunta, don ta riƙa gyara hijabi in an tashi aiki.

"Wannan ai injina ne," ta faɗa a hankali. "Yaya a kan injin buga bokiti yake. Can ciki."

"Haka aka gaya miki," in ji Darakta.

Ta juya. "Yaya?"

Ɗayyabu ya dubi injin. Da ya fara magana, muryarsa a kwance take, kamar labarin wani yake bayarwa.

"Ranar da aka kira ki rediyo ki karanta labarinki na farko. Kin ce abokiyar aikinki Rabi za ta tsaya miki a aikin safe."

"Ta ce za ta tsaya!"

"Ba ta zo ba. Na gama aikin kwana ke nan, ina wanke fuska, foman ya zo yana zage-zage. Ya ce in injin nan ya yi shiru, kar ki sake dawowa. Na ce ni zan tsaya. Idona har yaji yake don barci. Wani ya kunna rediyo a waya, ya ce ga ƙanwarka nan. Na juyo in ji muryarki."

Ya ɗan ɗaga dungun.

"Na ji kuwa. Kina dariya, mai gabatarwa yana cewa Kano ta yi sabuwar marubuciya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Ni na hana a gaya miki. Na sa Inna ta rantse. Na ce yarinya ce, kar a karya mata zuciya. Na rufa miki asiri, ke kika yaye nawa."

Aina'u ta zube a kan simintin. Ta kama ƙafarsa mai baƙin mai da hannu biyu.

"Yaya ka yafe mini. Ka yafe mini don girman Allah. Zan janye littafin. Zan ƙona shi. Zan..."

"Hannun zai tsiro?"

Ya zare ƙafarsa.

Sai a lokacin ta lura da shirun wurin. Ba shirun tausayi ba ne. Ta ɗaga kai. Mai kyamara ya durƙusa daf da ita, jar fitilar tana ci.

"Kar ka kashe," in ji Darakta a hankali. "Matso kan fuskar. Yauwa. Kin ce na daina durƙusawa in kalli mutum, ga shi an durƙusa miki."

"Kai azzalumi ne," ta faɗa cikin kuka. "Allah zai saka mana."

"Amin, da ni da Malam Ɗayyabu. Kin ga, littafinki yana da rami. Jatau ya rasa hannu, amma ba ki faɗi dalili ba, kin ce ƙaddara. Fim ba ya cin ƙaddara, sai an ga mai laifi. To na cike miki ramin." Ya ɗaga murya. "Atika! Fito!"

Ƙofar tsohon ofishin foman ta buɗe. Atika, jarumar fim ɗin, ta fito tana taku a hankali. Sanye take da shuɗiyar rigar aiki wadda ta koɗe a gwiwar hannu, an ɗora ta a kan ƙaramin hijabi. A ƙirjin rigar an ɗinka suna da jan zare.

AINA'U.

Ɗinkin Inna ne. Rigar tana ƙasan akwatin Inna tun ranar da ta hana ta komawa kamfani.

"Ni na ɗauko," in ji Ɗayyabu, tun ba ta tambaya ba.

Atika ta kasa haɗa ido da ita. "Anti, ki yi haƙuri, ni aiki aka ba ni."

"Ga ƙanwar Jatau," in ji Darakta. "Ba ta cikin littafi, amma ita ce fim ɗin. Yarinya mai son a san ta. Yayanta na gyara mata inji, ita hankalinta na kan waya ana yabonta, ta danna makunni ba ta duba ba. Ko sunan ban canza ba, ya zauna a baki."

"Ban danna komai ba! Ba na ma wurin!"

"Shi ya sa nake ce miki littafi daban, fim daban. A littafi sai ki yi shafi goma kina bayanin wanda ba ya wurin. A fim yatsa ake nunawa."

Ya miƙe ya tafa hannu sau biyu.

"Kowa wurinsa! A goge masa man fuska, wannan fitowar kafin ya zama dodo ce. A ta da janareta!"

Wurin ya hargitse. Aka ja fitilu zuwa bakin injin. Mai kwalliya ta cire wa Ɗayyabu sarƙa, ta goge man da ke fuskarsa da na hannunsa na hagu tana sharar hawaye, aka zura masa riga. Wasu mata biyu suka kama Aina'u suka ɗaga ta gefe.

"Da lafiyayyen hannun za mu ɗauka," Darakta yana gaya wa mai kyamara. "In mun je tacewa ma juya hoton ya koma dama. Malam Ɗayyabu, ka zura har gwiwar hannu. Atika, ina cewa akshin ki danna koren, kina kallon waya kina dariya."

Aina'u ta fizge. "Hannu a cikin injin? Kun haukace?"

"Kwantar da hankalinki, Malama. Ƙara kawai zai yi. An kwance wuƙaƙen tun da safe."

"Wa ya kwance?"

"Yayanki ne ya tsaya a kan makaniken. Shi ya zo ya ce mini an gama. Wa ya fi shi sanin injin?"

A waje janareta ya yi tari, ya kama. Fitilu suka haska gaba ɗaya.

Aina'u ta ture matan da ke riƙe da ita, ta yi taku uku, ta miƙa wuya. Hasken fitila ya faɗa cikin bakin injin har ƙasa.

Suna nan.

Duk jerin wuƙaƙen suna nan a kan sandarsu. Bakinsu ma fari tas, sabon wasawa.

Ta ɗago a firgice. Ɗayyabu yana kallonta. Ya san ta gani. Ya yi mata wani ɗan murmushi irin wanda rabonta da shi tun suna yara, sannan ya zura hannunsa na hagu cikin bakin injin har gwiwa.

"Yaya! Darakta, wuƙaƙen..."

Rurin janareta ya danne muryarta. Matan nan suka sake cafke ta ta baya.

Atika ta ɗaga waya, ta gyara dariyarta, ta ɗora yatsa a kan koren makunni.

Darakta ya ɗaga hannu sama.

"Akshin!"